Tocilar Aljihun Majo Sallau

Gaya, 9 ga Yuni

Zuwa ga Rahinatu, jikar yayata Fadima, a Yamai.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Anas da yara, da fatan damina ta same ku lafiya. Mu nan an yi ruwa sau uku, masu gero sun yi shuka, kogi bai taso ba tukuna. Jikina da sauƙi. Gwiwoyi dai sai a hankali, tansiyo kuma, hawan jinin nan, ina shan maganinta. Kada ki ji haushi don ban ɗauki kiranki ba ranar Juma'a. In kina magana a salula, ji nake kamar kina cikin tulu. Takarda ta fi mini. Yazidu direba yana shiga Yamai duk Talata da Asabar, kuma ya san rumfarki.

Amaryata, yau angonki roƙo ya zo yi. Tocilata ta mutu.

Kin san ta, 'yar siririyar nan ta ƙarfe mai kama da bik na rubutu, wadda kike zarewa daga aljihuna kina ƙarama, ki haska tafin hannunki don ki ga ya yi ja. Ranar da muka gama lakkol, makarantar aikin jinya, aka ba kowannenmu ɗaya, yau shekara hamsin da 'yan kai. Da ita na yi aikin majo, wato babban ma'aikacin jinya, a ɗakunan shan magani na Tanda da Junju da nan Gaya. Shekara biyun nan dama haskenta yana ta raguwa, ko na sa mata sabon pil, wato batir. Makon jiya ƙwanta na ƙarshe ya ƙone. Yusha'u mai gyaran rediyo ya nema mini a nan, ya nema a Malambil, ya yi aike Kamba. An daina yin irinsa.

Na hau kabukabu na je kasuwa da kaina. Mai tocila ya baje mini wata mai rediyo a jiki, wata mai cin hasken rana, wata kuma kamar taɓarya. Ya ce, "Baba, wannan in ka kunna ta a bakin kogi, har Malambil za ka gani." Na ce masa ni ba Malambil nake son gani ba, maƙogwaro nake son gani. Ya yi dariya, ya juya wurin wani mai saye.

Za ki ce me tsoho zai yi da tocila, shekara ashirin da barin aiki. Ba na allura, ba na sayar da magani. Amma har yau matan unguwa suna shigowa zaurena. In duba maƙogwaro, in duba kunne, in ja fatar ido ta ƙasa in ga ko akwai jini, sannan in ce wannan a tafi asibiti yanzu, wannan kuma a sha ruwa a kwanta. Iyakarta ke nan. Tun rasuwar matata, kakarki Ma'u, su ne ke sa ni buɗe ƙofa da safe. Kwana tara ke nan ina ce musu su dawo wani lokaci.

Ga irin wadda nake so. Ƙarama, mai maƙali, ta zauna a aljihun gaba ba ta ja riga ba. Makunninta ya zama mai taushi, don babban yatsana ba ya da ƙarfi yanzu. Ta zama mai cin pil, saboda kin san halin kuran, wutar lantarki, a Gaya. Haskenta kuma mai laushi, irin na da, ba farin nan mai kashe ido ba. Mai rauni ta ishe ni, kada ki wahalar da kanki neman wata babba.

Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a.

Kakanki,
Sallau

Yamai, 14 ga Yuni

Zuwa ga Kaka Sallau.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo, mun gode Allah da jin kana lafiya. Anas yana gaishe ka. Yara lafiya, sai mura da ta zagaye su ta wuce.

Angon da bai taɓa saya mini ko ɗan kunne ba, yau shi ne da aike. To na ji, na kuma yi.

Na karanta wurin da ka ce mai rauni ta ishe ka, kada in wahala. Kaka, na san wannan maganar. Haka Kaka Fadima take yi, in ta ce ba ta jin yunwa, sai a zuba mata malmala biyu kuma ta cinye. Kara kake yi mini. Shekara nawa ba ka taɓa roƙona komai ba, ranar da ka roƙa kuma sai in kawo maka ta banza? Mutanen Gaya su ce jikar Majo tana Yamai tana sayar da atamfa, amma abin da ta iya aiko masa ke nan?

Na rufe rumfa na shiga babbar kasuwa. Na ce wa mai kayan ya fito mini da wadda ta fi kowace. Ƙarama ce kamar yadda ka ce, ba ta wuce babban yatsa ba, tana da maƙali. Ba ta cin pil, sharji ake yi mata kamar salula, kuma ya ce sharji ɗaya yana kai sati biyu, saboda haka ko kuran ya tafi ba ruwanka. Haske iri biyar gare ta. Da Anas ya kunna ta a tsakar gida, kaji suka sauko daga bisa, sun ɗauka gari ya waye.

Na ce wa Yazidu ya duba mini aljihunka duk ranar da ya zo. In ka jefa ta cikin akwati ka rufe kamar rigar sanyin da na aiko maka bara, zan ji.

Maganar da muka saba kuma tana nan. Ɗakin da ke kusa da namu babu kowa a ciki.

Jikarka,
Rahinatu

Gaya, 2 ga Yuli

Zuwa ga Rahinatu.

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Anas da yara. Ni ma lafiya, sai dai sauro ya yi yawa tun da ruwa ya kwanta a bayan gida.

Saƙo ya iso. Na gode, Allah ya saka, ya ƙara buɗi. Tana aljihuna, Yazidu shaida ne. Tana da kyau ƙwarai, kuma ba ta da nauyi.

Na ɗan sha wahalar koyonta. In na danna sau ɗaya, haske kamar walƙiya. In na danna sau uku, sai ta shiga ƙiftawa kamar motar jandarma, kuma sai na bi duka biyar ɗin kafin ta mutu. Zuhura ta yi dariya har da riƙe ciki. Ba ki san Zuhura ba, bayan zuwanki na ƙarshe suka tare a gidan da ke jikin nawa. Bandar kifi take yi, mijinta Alassan kuma yana lodin kamyo, manyan motocin kaya, a wajen duwan, ofishin kwastan. Ita ke aiko mini da tuwon rana tun da suka tare, ranar da ta samu sarari kuma ta kawo da kanta, ta zauna a bakin zaure tana yi mini tsiya. Ta juya tocilar a hannu ta ce, "Majo, ashe kana da gata haka? Mu da muke ganin ba ka da kowa sai ƙadangarun zaure." Na ce mata jikata ce ta Yamai, rumfa guda gare ta. Kafin la'asar unguwa duk ta ji. Har liman ya ce in nuna masa.

Abu ɗaya na lura da shi, ba ƙorafi ba ne. Duk wanda na ja fatar idonsa na haska, sai in ga cikin ya yi fari. Na gwada a kan Yazidu, kin san shi, ƙato ne mai cin nama a kowace tasha, shi ma na ga kamar ba ya da jini. Na ce to halin haskenta ne, zan saba.

Mutane sun dawo. Jiya mutum huɗu. Zuhura ma shekaranjiya ta ce in duba ta, wai jiri take ji in ta miƙe, da masassara da ke zuwa tana tafiya. Na duba ta da tocilarki. Na ce mata hayaƙin banda ne da gajiya, ta rage tsayuwa kan wuta, ta sha zoɓo.

Maganar ɗaki, ki bar ta tukuna. In na tafi Yamai, wa zai shigo wurina? Can kowa da likitansa.

Kakanki,
Sallau

Gaya, 19 ga Yuli

Zuwa ga Rahinatu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Ƙafafuna suna ɗauka ta zuwa masallaci, alhamdu lillahi. Sauran kuma ga shi.

Zuhura tana asibiti. Ranar Lahadin makon jiya ta faɗi a gaban banda, saura kaɗan ta kifa cikin wuta. Alassan ya ɗauke ta a amalanke. An ce jininta ya kusa ƙarewa, masassarar nan ce ta daɗe tana cin sa. Sai da aka ƙara mata leda biyu, Alassan ya ba da ɗaya, ƙanensa ya ba da ɗaya. Ma'aikaciyar da ta karɓe ta yarinya ce sa'arki. Ta ja fatar idonta a bakin ƙofa, ba tocila ba komai, ta ce, "Me kuke jira har ta kai haka?" Alassan ya ce, "Majo ya duba ta, ya ce hayaƙi ne."

Rahinatu, na ga farin nan. Ranar da ta zo, ta shigo cikin zaure ta sakaya ƙofa, kamar yadda matar aure za ta yi, kin kuma san zaurena ba ya da taga. Na ja fatar idonta na haska, na ga fari fat. Amma Yazidu ma fari na gani, liman ma fari na gani. Sai na ce a raina tocilar ce. Da tsohuwata ce, jini ja take nuna shi, rashinsa kuma ba ya ɓuya. Wannan ne ya sa na ce miki mai laushi. Ba kara nake yi ba, amma laifina ne da ban yi miki bayani ba.

Akwai abin da ya fi wannan, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa. A shekarar farko ta lakkol aka koya mana cewa in ka yi shakka, ka fitar da mutum rana ka duba, in shakkar ba ta tafi ba ka tura shi gaba. Taku uku ne daga tabarmata zuwa rana. Ban ce ta fito ba. Na riga na cika unguwa da labarin tocilar jikata. Na ji nauyin in ce wa Zuhura, wadda ta fi kowa yabonta, wannan ba ta nuna daidai, zo mu fita waje. Don kada in kunyata kyautarki, da bakina, na bar matar mutane ta koma kan wuta kwana goma.

Na haɗu da Alassan a ƙofar masallaci bayan azahar. Bai ɗaga murya ba. Ya gaishe ni kamar kullum, ya dubi aljihuna, ya ce, "Majo, ashe sabuwar fitilar ta ado ce." Ya sa takalminsa ya wuce. Mutane suna nan, duk sun ji.

Na je asibitin sau ɗaya. Na tsaya a bakin ɗakin mata na kasa shiga.

Tun ranar ba wanda ya taka zaurena. Tabarma tana shimfiɗe, da yamma in naɗe ta yadda na shimfiɗa. Koko da ƙosai nake saye da safe, su kai ni dare.

Ina roƙonki ki sake nema mini, irin wadda na faɗa tun farko. Ki tambayi masu sayar da kayan asibiti, ba 'yan kasuwa ba. In na same ta, zan iya tsayawa gaban Alassan in nuna masa bambancin da idonsa. Ban san wata hanyar da mutane za su dawo ba.

Kakanki,
Sallau

Gaya, 6 ga Agusta

Zuwa ga Rahinatu.

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Kwana goma sha takwas ke nan. Yazidu ban gan shi ba, a tasha an ce mini yana hanya, kullum yana hanya. Na kira lambarki sau biyu, na ji murya, ban gane ko ke ce ko matar nan ta kamfani ba, na kashe.

Na zauna na tuna abin da na rubuta miki, na ga ya yi kama da na ɗora miki laifi. Kin rufe rumfa, kin shiga rana, kin zaɓo wadda ta fi kowace, ni kuma na saka miki da labarin asibiti. In wannan ne ya ɓata miki rai, ki yafe mini. Tocila ba ta ce wa kowa hayaƙi ne ba, ni na faɗa. In ba ki son sake nema, ki bari. Ki dai rubuto ko layi biyu ne.

An sallamo Zuhura. Ina jin muryarta ta bayan katanga tana yi wa 'yarta faɗa a kan wanke-wanke, muryar ba ƙarfi, amma tata ce. Ba ta leƙo ba. Ran nan na ji wata mata a waje tana tambayar ko nan ne gidan Majo, wata ta ce mata, "Wuce kawai ki tafi asibiti." Gaskiya ta faɗa mata. Na zauna ina jin takunsu har suka sha kwana.

Kogi ya cika, ya shiga gonakin shinkafa na ƙasa. Na aiko da wannan ta hannun wani direban, da muruci kaɗan na yara.

Kakanki,
Sallau

Yamai, 11 ga Agusta

Zuwa ga Kaka Sallau.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kuma ba fushi nake yi ba. Motar Yazidu ce ta lalace a Doso, ta yi sati biyu da rabi a gareji, takardarka tana cikin aljihun motar. Ranar Litinin takardun biyu suka zo mini tare. Na karanta ta biyun kafin ta farkon, na rasa laifin me kake ba ni haƙuri a kai. Da na karanta ta farkon, sai na gane. Ni ce zan ce ka yafe mini. Ka faɗi abin da kake so dalla-dalla, ni kuma na sayo abin da zai sa a yabe ni. Ka gaida mini Zuhura, ko da ba ta san ni ba.

Kwana biyu na yi ina yawo. Kanti huɗu na shiga na masu kayan asibiti. Uku irin farin hasken nan gare su. A na huɗu na samu wata dattijuwa, da na karanta mata bayaninka ta ce, "Wannan tsohon ma'aikaci ne." Ta fito da ita daga ƙasan kanta. Siririya ce kamar bik, pil biyu ƙanana take ci, dannawa ɗaya ta kama, dannawa ɗaya ta mutu. Ban yarda da baki ba, na sa ta ja fatar idona ta haska, na duba a madubi. Ja na gani sosai, har da 'yan jijiyoyi. Na haɗo maka da pil kwali guda.

Kaka, zan tambaye ka wani abu, kada ka ce amarya ta raina ango. Ina da takardunka tun ina lakkol, ina ajiye su a gwangwanin alawa. Jiya na fito da ta shekara uku da suka wuce na ajiye kusa da ta yanzu. Rubutunka na da ƙanana ne, a kan layi, kamar na inji. Na yanzu ya ninka girma, kuma yana gangarowa daga layi yana hawa wani. Ka kuma ce tsohuwar tocilar tana rage haske ko da sabon pil. Ni ban yi karatun jinya ba, atamfa na sani. Amma in mai saye ya ce mini duk zannuwan rumfata sun koɗe, har da waɗanda na kwance yau, ba zannuwan nake dubawa ba.

In na yi kuskure, ka yi mini faɗa.

Jikarka,
Rahinatu

Gaya, 20 ga Agusta

Zuwa ga Rahinatu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Anas da yara. Hankalina ya kwanta da jin ba fushi ba ne. Jikina yana nan yadda yake.

Tocila ta zo. Ita ce. Da na maƙala ta a aljihu, nauyinta ma irin na waccan ne. Maganarki ta ƙarshe kuwa ta ba ni haushi, na ninke takardar na tura ƙarƙashin tabarma, na ce yarinya mai sayar da zane za ta koya mini ido.

Ranar Alhamis na aika a ce wa Alassan ina roƙon ya zo da Zuhura. Ban yi zaton za su zo ba. Bayan la'asar suka shigo, shi a gaba, ita a baya da kwano a hannu. Ta rame. Ta dire kwanon ta ce, "An ce koko kake sha safe da yamma kamar mai jego." Alassan bai zauna ba.

Na ce musu na yi kuskure, kuma ina so su ga inda kuskuren ya fito. Na fito da tocilolin biyu. Niyyata in haska da ta farko su ga fari, in haska da ta biyu su ga ja. Na fara da sabuwar don in tabbatar. Na ja fatar idon Zuhura na haska.

Fari na gani, Rahinatu. Fari mai duhu-duhu, kamar ranar farko.

Na ce wa Alassan ya nemo kabukabu yanzu a mayar da ita, jinin bai zauna ba. Zuhura ta ce, "Majo, jiya-jiyan nan aka auna ni. Sun ce ya dawo." Alassan ya sunkuyo ya duba inda nake haskawa. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ja ne, Majo. Ja wur, kamar cikin kankana."

Na ce mu fita rana. Muka yi takun nan uku da ban yi ba a wancan karon. A rana ma abin da na gani ke nan.

Muka koma ciki, na zauna. Sai Zuhura ta miƙo hannu ta ce, "Kawo nan." Ta karɓi tocilar, ta durƙusa a gabana, ta ce in dubi bango, yadda nake ce musu. Hannunta yana warin hayaƙin kifi. Ta haska idona na dama, ta haska na hagu, ta koma na dama. Ta ce, "Alassan, zo ka gani. Kamar an ɗiga masa nono a tsakiyar baƙin." Ya duba ya ce, "Duka biyun, amma na dama ya fi."

Yanar ido ce. Na tura mutane sun fi ɗari a cire musu ita. Shekara hamsin ina haska idon mutane, ban taɓa ba wani tocilar na ce ya haska nawa ba. Tsohuwar tocilata ba ta rage haske ba, taki ta farko ma ba ita kaɗai ce mai laifi ba. Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne shekara biyun nan. Mutum nawa na ce wa su sha ruwa su kwanta? Ina ta lissafa fuskoki, ban san wanda na kuskure ba.

Na ce wa Alassan ya faɗa a masallaci cewa Majo ya daina duba mutane, kuma ya faɗi dalili. Ya ce shi ba zai faɗa ba, ni in faɗa. Jiya bayan Juma'a na tashi na faɗa da bakina. Tocilarki ta farko na ba shi, ya ce ta yi masa daidai wurin duba ƙarƙashin tanti in ana lodi. Ya karɓa da hannu biyu, amma har yanzu bai zauna a tabarmata ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Ki tambaya mini ranar da ake duba ido a Yamai, da abin da ake so mutum ya zo da shi. Zan shigo motar Yazidu ranar Talata ta sama. Ba tarewa zan yi ba, ki gaya wa Anas kada ya yi wa ɗakin fenti. Makullin zaure zan bar wa Zuhura, ta ce za ta riƙa sharewa don kada ƙadangaru su gaje ni da raina. Ina jin tsoro, ba na ɓoye miki. Na san yadda aikin yake, na kuma san ba kowa yake yi wa kyau ba a shekaruna. Ko ya yi kyau ma, ban sani ba ko akwai wadda za ta sake kawo mini ɗanta.

Tocilar tana aljihuna, da ita zan zo. In Allah ya sa aka buɗe mini bandeji na gani, ke zan fara dubawa. Kada ki sa kwalli ranar.

Kakanki,
Sallau